Ziyarar Ƙarafa, Tsohuwar Maƙabartar Alkahira

A gindin dutsen Muƙaɗɗam akwai maƙabartar da ake binne mutane a cikinta tun bayan da Amru ɗan Asi ya ci Masar da yaƙi, wajen shekarar 641. Ƙarafa ake ce mata. Wanda ya saba da kabari na tulin ƙasa, in ya shiga nan sai ya zaci unguwa ce: ga tituna, ga ƙofofi, ga ƙubbobi.

Dangi masu hali kan kewaye wurinsu da katanga, su bar tsakar gida, su gina ɗaki ɗaya ko biyu. Mamatan na ƙarƙashin ƙasa, maza gefe, mata gefe, ɗakunan kuwa na masu ziyara ne. Ranar Juma'a, da safiyar Sallah, da cikin watan Rajab, iyali kan zo da ganyen dabino da ɗoɗɗoya su ɗora a kan kabari, su yayyafa ruwa. Mata su buɗe kwandon burodi da 'ya'yan itace su raba wa mabuƙata, ladan ya kai ga mamaci. Mai karatu ya zauna ya ja sura, a ba shi abin sadaka. Daga nan sai a shimfiɗa tabarma a sha shayi, yara na guje-guje. Baƙo kan ga abin kamar rashin kunyar mutuwa. Ni dai zumunci na gani, wanda rasuwa ba ta yanke ba.

Inda aka fi cika shi ne hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 820. Sarki Alkamil ne ya gina masa ƙubba a 1211, a ƙololuwarta kuma akwai ɗan jirgin ruwa na tagulla da aka ce hatsi ake zubawa ciki domin tsuntsaye. Waɗanda aka zalunta sun daɗe suna rubuto wa Imam wasiƙa suna kai ƙara. Malamai da dama na suka, kuma suna da hujja, tunda Allah kaɗai ake roƙo. Sai dai duk wanda ya kai kukansa ga mamaci, rayayyu ne suka toshe masa kunne.

Mai son aikin hannu ya nufi arewa, wurin ƙubbar Sarki Ƙaitbai ta 1474, wadda aka sassaƙa taurari da rassa a jikin dutsenta. Ginin ne ke kan takardar fam ɗaya ta Masar.

Tun 2020 ana rushe sassan Ƙarafa don shimfiɗa manyan hanyoyi. Saboda haka, ɗalibanmu da ke Azhar, ku daure ku je tun da sauran lokaci. Imamu Suyuɗi, ɗaya daga cikin marubuta tafsirin Jalalaini, wanda ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, nan yake kwance tun 1505.