Idan kwamfuta ta ƙi jera lambobi daidai

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja, a makaranta ne ko da wayarsa a gida, ba ya daɗewa sai an ɗora masa wannan aikin: ga lambobi a hargitse, ya rubuta matakan da kwamfuta za ta bi ta jera su daga ƙarami zuwa babba. A harshen Python aikin bai wuce layi shida ko bakwai ba. Amma a nan ne gwiwar masu koyo da yawa ke sanyi. Sakamako ya fito a karkace, sai mutum ya shiga sauya alama nan, ƙara ɗaya can, yana sake gwadawa ko Allah zai sa a dace. Wannan lalube cikin duhu ne nake so mai koyo ya rabu da shi tun da wuri, domin kuskuren a wani layi takamaimai yake, kuma da biro da takarda ake kama shi.

Hanyar da aka fi fara koyarwa ita ce wadda ake kira babul sot. Ana duba lambobi biyu maƙwabta, idan na hagu ya fi na dama girma sai a musanya musu wuri, a matsa gaba. Ku ɗauki 5, 2, 9, 1. Biyar ta fi biyu, a musanya. Biyar ba ta kai tara ba, a wuce. Tara ta fi ɗaya, a musanya. Zagaye na farko ya ƙare da 2, 5, 1, 9. Na biyu ya ba da 2, 1, 5, 9, na uku 1, 2, 5, 9. Ku lura da abu ɗaya, shi ne ma'auninku: bayan kowane zagaye, mafi girma cikin waɗanda suka rage dole ya kasance ya isa mazauninsa a ƙarshe. Ku rubuta wannan a takarda tukuna, sannan ku sa umarnin print ya nuna jerin bayan kowane zagaye. Zagayen farko da abin da ke allon kwamfuta ya saɓa wa na takarda, a nan matsalar take. Kada ku fara da lambobi ɗari. Huɗu sun isa, idonku zai iya bin su.

Kuskuren da ya fi yawa na kan iyaka ne. Kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga gurabe, don haka jeri mai abu huɗu gurabensa 0, 1, 2 da 3 ne. Idan zagayen ya kai gurbi na 3 yana neman maƙwabcinsa na dama, babu shi, sai Python ta tsaya ta ce IndexError. Wannan kuskure ne mai sauƙi, tunda ya faɗi sunansa har da lambar layin. Ku karanta saƙon daga ƙasa, ku rage ɗaya daga iyakar zagayen. A harshen C ba lalle a yi muku wannan gargaɗin ba, shirin na iya ɗauko duk abin da ya tarar a ma'adana ya ci gaba da aiki kamar ba komai.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren musanya, don shi ba ya ihu. Mai koyo yakan ce a zuba na dama cikin gurbin hagu, sannan a zuba na hagu cikin gurbin dama. To ai na hagun ya riga ya tafi tun a umarnin farko. Wanda yake da kofin kunu da kofin fura yana son ya sauya musu mazubi, sai ya nemi kofi na uku. Haka nan ma, a fara ajiye ɗaya a wani ma'aji na wucin gadi, ko a yi amfani da musanyar layi ɗaya da Python ta tanada. Idan aka bar kuskuren, 5, 2, 9, 1 za su koma 2, 2, 1, 1 bayan zagayen farko, daga ƙarshe su zama 1, 1, 1, 1. Wannan jerin kuwa a tsare yake, babu lambar da ta fi ta gabanta girma, amma lambobi uku sun salwanta. Shi ya sa gwaji ke da tambaya biyu: sun jeru? Kuma abin da ya shiga shi ne ya fito?

Idan kuma kun ga babbar lamba ce kaɗai ta isa wurinta, saura na nan a birkice, ku duba umarnin return. A Python tazarar farkon layi ita ke nuna abin da ke cikin zagaye, kuma idan return ya shige ciki, aikin zai tashi bayan zagaye ɗaya.

Da zarar ya yi aiki a kan lambobin nan huɗu, ku matsa masa. Ku ba shi jerin da ba komai a ciki, da mai abu ɗaya, da wanda ya riga ya jeru, da wanda yake a juye, da mai maimaici, da mai lambobin ƙasa da sifiri. Sannan ku sa kwamfutar ta ƙirƙiro jeri dubu barkatai, ta kwatanta amsarku da ta sorted, umarnin jerawa na Python kanta. Ko shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Tim Peters ne ya rubuta hanyar da aka gina shi a kanta, wato Timsort, a 2002, daga baya Java da Android suka ɗauka, amma a 2015 wasu masu bincike da ke ƙoƙarin tabbatar da ingancinta ta hanyar lissafi suka gano kuskure a ciki, wanda ba ya bayyana sai a jeri mai tsawon gaske da aka tsara ta wata siga ta musamman. Shekara 13 ƙwararru suna amfani da ita ba su gani ba.

Akwai kuma lokacin da matakanku lafiya lau suke, abin da kuka ba su ne ke da matsala. Umarnin input rubutu yake dawowa da shi, ba lamba ba, kuma rubutu harafi-harafi ake kwatanta shi. Don haka 10 za ta zo kafin 9, tunda 1 tana gaban 9. Sai an mai da su lambobi da int kafin a jera.

Mai jera sunayen Hausa zai haɗu da irin wannan. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: babban Z 90 ne, babban Ɗ kuwa 394. Saboda haka Ɗanladi zai faɗo bayan Zainab, haka ma duk sunan da ya fara da Ɓ ko Ƙ, alhali a abacadarmu ɗ tana bin d ne, ƙ tana bin k. Ba abin da za ku gyara a zagayenku. Ku rubuta baƙaƙen Hausa a tsarinsu, ku ba kowanne lambar matsayinsa, ku mai da sunayen ƙananan baƙaƙe, sannan ku sa kwatancen ya bi waɗannan lambobin naku maimakon na Unicode.