Kasuwar Tsohon Ƙarfe ta Mandi Gobindgarh da Dokokin Shigo da Kaya a Indiya

Garin Mandi Gobindgarh yana cikin gundumar Fatehgarh Sahib ta jihar Punjab a arewacin Indiya, a kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Delhi ta nufi Amritsar, tsakanin biranen Ambala da Ludhiana. Ba a haƙar tama a yankin, ba a haƙar kwal, kuma tashar jiragen ruwa mafi kusa da shi ta fi kilomita 1,000 nisa, amma duk da haka garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙarfe na ƙasar, har mutanen Punjab suna kiran sa garin ƙarfe. Sunansa ya samo asali daga Guru Hargobind, na shida a jerin jagororin addinin Sikh, sana'ar ƙarfe kuwa ta kafu a cikinsa tun farkon ƙarni na 20, lokacin da yake ƙarƙashin masarautar Nabha, wadda sarakunanta suka ƙarfafa wa maƙera da 'yan kasuwa gwiwa su zauna a wurin. Abin da ya riƙe garin tun daga wancan zamani shi ne tsohon ƙarfe, wato abin da ake kira gwangwan a ƙasar Hausa: gangar jikin motoci da injinan da suka mutu, da rodin gine-ginen da aka rushe, da ragowar da masana'antu suke zubarwa bayan sun yanke abin da suke buƙata.

Harkar tana tafiya ne hawa-hawa. A sama akwai manyan masu shigo da kaya, waɗanda suke ƙulla ciniki da masu sayarwa a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa da Afirka. A ƙasansu akwai dillalai masu haɗa mai kaya da mai narkarwa su karɓi la'ada, sannan masu filayen tara kaya, inda leburori, akasarinsu 'yan ci-rani daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh, suke rarraba ƙarfe da hannu, suna yanka manyan guntaye da wutar gas domin su shiga bakin tanderu. Tanderun da aka fi amfani da shi a garin na lantarki ne, wanda yake narkar da ƙarfe da ƙarfin maganaɗisu ba tare da kwal ba, kuma ɗaruruwan ƙananan masana'antu ne suke wannan aiki ko aikin da ke biye da shi, wato murza curin ƙarfen da aka zuba ya koma rodi da sanduna da ƙarafan gini. Ana auna tirela a kan babban sikeli da kayanta, a sake auna ta bayan an sauke, bambancin shi ne nauyin da za a biya, amma sai an rage wani kaso saboda ƙasa da tsatsa da mai da roba da suke maƙale a jikin kayan. A kan wannan ragin ne yawancin gardamar kasuwar take faruwa, domin mai tanderu ba nauyin da ya saya yake dubawa ba, yana duban abin da zai fito ƙarfe tsantsa bayan kashin maƙera ya taso sama an kwashe shi.

Saboda mai saye a Punjab ba ya ganin kayan da ake lodawa a wata nahiya, cinikin ya dogara ga sunayen daraja da 'yan kasuwar duniya suka amince da su. Mafi shahara shi ne HMS, wanda ke nufin ƙarfe mai nauyi na narkarwa, kuma kashi biyu ne: na ɗaya kaurinsa ba ya gaza kimanin milimita 6 kuma ba a yarda da mai rufin tutiya a cikinsa, na biyu ya fi sirantaka kuma ana ɗaga masa ƙafa. Yawanci ana sayar da su a gauraye, kashi 80 na farko da kashi 20 na biyu. Akwai kuma niƙaƙƙen ƙarfe, wanda babban inji ya daddatsa motoci da firji da makamantansu suka koma ƙananan guntaye, aka tsame ƙarfen da maganaɗisu, kuma ya fi tsada saboda tsabtarsa da saurin narkewarsa. Wannan bambanci tsakanin niƙaƙƙe da wanda ba a niƙa ba ya wuce batun farashi, domin a kansa aka gina wani muhimmin sashe na dokar shigo da kayan.

Dalilin shigo da kayan a fili yake. Tun 2018 Indiya ta wuce Japan ta zama ta biyu a duniya wajen sarrafa ƙarfe, bayan Sin, alhali tsohon ƙarfen da ake tarawa a cikin gida bai isa ba, domin ƙasa tana samar da gwangwan ne gwargwadon motoci da gine-ginen da ta mallaka shekaru ashirin ko talatin da suka wuce. A 2023 ta shigo da fiye da tan miliyan 10, kuma Turkiyya ce kawai ta fi ta, da kusan tan miliyan 20 a shekara. Kayan da zai je Mandi Gobindgarh yakan sauka a tashoshin Mundra da ke Gujarat ko Nhava Sheva da ke kusa da Mumbai, a cikin kwantenoni, jirgin ƙasa ya kai su tashar tsandauri ta Ludhiana, inda jami'an kwastan suke da ofis kamar yadda suke da shi a bakin teku, daga nan manyan motoci su ƙarasa da su.

Mataki na farko a wurin kwastan shi ne tantance lambar kaya, bisa tsarin bai ɗaya da Hukumar Kwastan ta Duniya take kula da shi, wanda ya ba kowane irin kaya lambar da ake gane shi da ita a kowace ƙasa. Tsohon baƙin ƙarfe yana ƙarƙashin 7204, na jan ƙarfe 7404, na alminiyam 7602, na dalma 7802, kuma daga lambar ake sanin kuɗin fito da sharuɗɗan da suka hau kan kayan. Matsala takan taso idan kwantena ta ƙunshi bututu ko faranti ko layin dogo da za a iya amfani da su yadda suke, domin kwastan na iya cewa wannan ba na narkarwa ba ne, ƙarfe ne mai amfani da aka ɓoye a ƙarƙashin sunan gwangwan don a tsere wa harajinsa, sai ta buƙaci a lalata shi a gabanta ko a biya abin da ya dace. Kuɗin fito a kan tsohon baƙin ƙarfe kashi 2.5 cikin ɗari ne kafin kasafin kuɗin 2021 ya ɗage shi, aka kuma yi ta sabunta ɗagewar a shekarun da suka biyo baya, amma harajin kaya da ayyuka na kashi 18 cikin ɗari yana nan. Kafin duk wannan, wajibi ne mai shigo da kaya ya mallaki lambar rajista daga hukumar kula da cinikin waje, wadda ake taƙaita sunanta da DGFT.

Akwai kuma tambayar ko kayan haja ne ko shara mai guba. Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta fara aiki a 1992, an ƙulla ta ne bayan abubuwa irin na jibge guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya a 1988, kuma ta raba shara mai haɗari da wadda za a iya sake sarrafawa ba tare da izini na musamman ba. Dokar Indiya ta 2016 a kan shara mai haɗari ta bi wannan tsari: tsaftataccen tsohon ƙarfe yana shiga da takardun kwastan kawai, tsofaffin batiran dalma kuwa sai da izinin ma'aikatar muhalli.

Sashen dokar da ya fi nauyi an rubuta shi ne bayan an yi asarar rayuka. A ƙarshen Satumba 2004 wani abu ya fashe a wata masana'antar ƙarfe da ke Sahibabad a gundumar Ghaziabad, kusa da Delhi, ya kashe ma'aikata 10, kuma bincike ya nuna cewa harsasan manyan bindigogi da rokoki da ba su tashi ba ne suka shigo a cikin tsohon ƙarfen da aka yi odarsa ta wata tashar Iran. Da aka bazama bincike, sai aka riƙa samun irinsu a filaye da tashoshi daban-daban, har da tashar tsandauri ta Ludhiana, inda dubban albarusai suka yi shekaru a jibge kafin sojoji su kwashe su su tarwatsa su a wani daji da ke kusa a 2010. Filin yaƙi babbar ma'adana ce ta gwangwan, kuma mai tarawa a ƙasar da aka gama yaƙi ba ya bambanta kwanson da ya tashi da wanda bai tashi ba, tunda sikeli ma ba ya bambantawa. Daga nan hukuma ta tsaurara sharaɗin takardar binciken kafin lodi, wadda wani kamfanin bincike da DGFT ta amince da shi yake bayarwa a ƙasar da kayan suka fito, yana shaida cewa babu makamai ko albarusai ko nakiya ko wani abu mai fashewa a ciki, kuma babu tururin nukiliya da ya wuce wanda ake samu a muhalli bisa ɗabi'a. Ƙarfen da ba a niƙa ba, wanda a cikinsa ne bam zai iya ɓuya, ba ya shiga sai ta wasu tashoshi da aka ayyana, waɗanda aka wajabta musu na'urorin haska cikin kwantena da ƙofofin gano tururin nukiliya. Idan an sami abin da aka haramta, mai shigo da kayan ne zai mayar da su inda suka fito da kuɗinsa, ban da tara.

Batun nukiliya ya fi na bam wuyar sha'ani, domin ido ba ya ganin sa. Injinan asibiti na gashin ciwon daji da na'urorin auna kauri a masana'antu suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin sinadarai irin su kobalt-60 da sisiyam-137 a cikin kwanson dalma mai nauyi, kuma nauyin nan ne yake jan hankalin mai sayen gwangwan. Idan kobalt ya faɗa tanderu yakan narke ya gauraya da ƙarfen, ya bi shi duk inda aka kai shi, kamar yadda aka gani a 2008, lokacin da aka gano maɓallan na'urar hawa bene a Faransa suna fitar da tururi, aka bi sawun ƙarfen har Indiya. A Afrilu 2010 kuma, a kasuwar gwangwan ta Mayapuri da ke Delhi, ma'aikata suka farfasa wata tsohuwar na'urar bincike da Jami'ar Delhi ta yi gwanjonta, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka kwanta asibiti. Wannan na'ura daga cikin gida ta shiga kasuwar, ba ta ratsa kowace tashar kwastan a matsayin gwangwan ba, abin da ya nuna cewa tsaron bakin iyaka shi kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar masu filaye da masu tanderu ba su da na'urar gwaji a ƙofofinsu.

Raunin tsarin yana cikin takardar binciken kafin lodi kanta. Mai binciken yana karɓar ladansa daga waɗanda suke son kayan su wuce, yana aiki a ƙasar da hukumar Indiya ba ta da ido a kanta, shi ya sa aka sha samun takardun da aka sa wa hannu ba tare da an je wurin lodi ba, har hukuma ta wajabta haɗa hotuna ko bidiyon mai binciken da na'urarsa da lokacin rufe kwantena, ta kuma mayar da bayar da takardar ta intanet. An sassauta sharaɗin takardar ga kayan da suka fito daga Amurka da Kanada da Tarayyar Turai da Ostireliya da New Zealand, idan sun shiga ta tashoshin da ke da cikakkun na'urori. Ƙananan 'yan kasuwa suna kukan cewa jinkirin bincike yana tara musu kuɗin ajiyar kwantena har ya cinye ribar, kuma kukan nasu yana da hujja, sai dai maganinsa ƙarin na'urori da jami'ai ne, ba sassauta binciken ba, domin leburan da ke tsaye a bakin tanderu shi ne yake biyan kuɗin kowace takardar ƙarya da jininsa, kuma ba a shawarce shi ba lokacin da aka ƙulla cinikin. Shi ne kuma yake shaƙar hayaƙin da ya sa hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta Indiya ta sanya garin cikin yankunan masana'antu mafiya gurɓacewa a ƙididdigarta ta 2009.

A cikin gida ma takarda ce abin rigima. Tun da aka fara harajin kaya da ayyuka a Yuli 2017, kasuwar ta yi ƙaurin suna da rasitan bogi, inda ake buɗe kamfani a takarda kawai, ya rubuta cinikin da ba a yi ba domin wani ya nemi ragin harajin da ba a biya ba. Tushen abin shi ne gwangwan yana farawa daga hannun masu tsince-tsince marasa rajista. A Oktoba 2024 gwamnati ta ɗora wa mai saye mai rajista nauyin biyan harajin idan ya saya daga marar rajista, da cire kashi 2 cikin ɗari tun daga tushe idan cinikin tsakanin masu rajista ne.

Babbar barazanar da ke gaban kasuwar yanzu daga ƙasashen da ke sayar mata take tasowa, domin sun fahimci cewa narkar da tsohon ƙarfe ya fi sarrafa tama sauƙin makamashi da ƙarancin hayaƙi, sun fara riƙe abinsu. Najeriya ta sa tsohon ƙarfe cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa, shi ya sa abin da 'yan gwangwan da 'yan jari bola suke tarawa a Kano da Kaduna yake ƙarewa a masana'antun rodi na cikin gida, musamman na yankin Ikorodu da Ogijo, waɗanda da yawansu 'yan kasuwar Indiya ne suka kafa su. Gana ta kafa irin wannan doka a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu sayar wa Indiya, ta dakatar da fitarwa a 2020, Afirka ta Kudu ma ta yi haka na wani lokaci a ƙarshen 2022. Indiya ta mayar da martani da manufar sake sarrafa tsohon ƙarfe ta 2019 da ta rushe tsofaffin motoci ta 2021, domin ta ƙara abin da take tarawa a gida. Sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan jigilar shara kuma ta tanadi cewa daga Mayu 2027 ba za a aika irin wannan kaya zuwa ƙasar da ba ta cikin ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arzikin masana'antu ba, sai ta nemi izini ta kuma nuna cewa tana sarrafa shi ba tare da cutar da muhalli ba. Turkiyya tana cikin ƙungiyar, Indiya ba ta ciki.