Matamaye: yadda ake kwaso hotunan tsofaffin faifan DVD zuwa kwamfuta kafin su salwanta

A gidaje da yawa na Matamaye da garuruwan kewaye irin su Kance, Dungu da Yawuri, akwai faifan VCD da DVD da ke jibge cikin akwati ko bayan telebijin. Wasu finafinan Kano ne da suka shigo ta hanyar Daura da Ɗan Barto, amma mafi daraja su ne waɗanda babu kwafinsu a ko'ina: ɗaurin aure, suna, saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, tarbar alhazai, kokowar bayan girbi. A cikinsu akwai fuskoki da muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Yanzu da kallo ya koma kan salula, mutane na kai waɗannan faifai wurin masu montaj domin a ciro hoton, a yanke abin da ake so, a tura wa dangi. Sau da yawa nan ake cin karo da matsala: kwamfuta ta ƙi buɗe faifan, ko hoto ya fito babu sauti, ko baki na motsi magana na biyowa a baya.

Me ya sa abin ke da gaggawa

Faifan da masu ɗaukar bidiyo ke bugawa a shago, wato DVD-R da CD-R, ba irin na kamfani ba ne. Ana rubuta bayanan ne da hasken leza a kan wani siririn rini da ke cikin faifan, shi kuwa rinin nan zafi da hasken rana na lalata shi a hankali. A yankin da zafin watannin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kuma ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, faifan da aka bari a ɗaki mai rufin kwano ba zai yi tsawon rai ba.

Su ma na'urorin karanta faifai suna ɓacewa. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kamfanin Microsoft ya daina haɗa manhajar kunna DVD a cikin tsarinsa, kuma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wurin saka faifai. Wanda kwamfutarsa ba ta da shi sai ya nemi ƙaramar na'urar karanta DVD ta waje, wadda ake jonawa ta kafar USB.

Abin da ke cikin faifan

Dalilin da ya sa manhajojin montaj ke wahala da DVD shi ne, ba a tsara shi domin a yanka ba, an tsara shi ne domin na'urar kallo ta gida. Idan aka buɗe shi a kwamfuta za a ga dosiye mai suna VIDEO_TS. A ciki akwai fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne ke ɗauke da hoto da sauti. Masu ƙarewa da IFO tamkar taswira suke, suna faɗa wa na'ura inda fim ya fara, inda babi ya ƙare da kuma yadda za a jera guntayen. Masu BUP kuwa kwafin IFO ne na ko-ta-kwana.

Ƙa'idar DVD ba ta yarda fayil ɗin VOB ya wuce giga 1 ba. Saboda haka bikin awa biyu zai fito a guntaye huɗu ko biyar: VTS_01_1, VTS_01_2, haka har ƙarshe. Wanda ke da lamba 0 a ƙarshe yawanci allon zaɓi ne kawai. Na'ura ce ke yanka guntayen idan girman ya cika, ba ruwanta da ko liman na tsakiyar addu'a. Idan mai montaj ya jawo su ɗaya bayan ɗaya cikin Adobe Premiere ko Pinnacle Studio, a mahaɗar guntayen ne hoto ke tsalle, sauti ya yanke ko ya zame. Wani lokaci kuma sautin yana cikin tsarin Dolby AC-3 ne, wanda ba kowace kwamfuta ke iya karantawa ba, sai hoto ya fito shiru.

Shi VCD, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, ya fi sauƙi. Hotonsa na cikin dosiyen MPEGAV, a fayil mai suna AVSEQ01.DAT, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 80. Shi ya sa finafinan Hausa na wancan lokaci da yawa ke zuwa a faifai biyu.

Matakin farko: a kwafe, kafin a taɓa komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara montaj kai tsaye daga kan faifan. Tsohon faifai na iya karantuwa yau, gobe ya ƙi. Don haka abin da ya kamata a fara yi shi ne goge shi da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe a miƙe, ba a kewaye ba, domin ƙarce da ya bi zagayen faifan ya fi ɓarna. A kula da bayan CD, inda ake rubuta suna: bayanan na kwance dab da wannan fuska, ƙarce ɗaya mai zurfi ko rubutu da biro mai tsini ya isa ya tafi da su har abada.

Daga nan sai a kwafe dosiyen VIDEO_TS gaba ɗaya zuwa rumbun kwamfuta, har da IFO da BUP, ba VOB kaɗai ba. A ba dosiyen suna mai ma'ana, misali irin taron, gari da shekara. Wannan kwafi shi ne uwa, ba a yanka shi, ba a sauya shi. Idan kwafi ya tsaya a hanya, a gwada wata na'urar karantawa kafin a fid da rai, domin faifan da wata ta kasa, wata na iya karantawa.

Akwai kuma faifan da ke nuna kamar babu komai a cikinsa alhali an san an ɗauki hoto. Wannan ya fi faruwa da ƙananan faifai masu faɗin santimita 8 na kyamarorin da ke rubutawa kai tsaye kan DVD, waɗanda ke ɗaukar kusan minti 30. Irin wannan ba a "rufe" shi ba ne bayan ɗauka. Kada a yarda kwamfuta ta yi masa formataj idan ta nema. A mayar da shi cikin kyamarar da ta ɗauke shi, ko irinta, a rufe shi ta can. Idan kyamarar ta ɓata, manhaja irin IsoBuster kan iya zaƙulo abin da ke ciki.

Mataki na biyu: juyawa zuwa fayil guda

Manhajojin da suka fi dacewa da wannan aiki kyauta ne, kuma ana samunsu da Faransanci. VLC ta samo asali ne daga aikin ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris a 1996, ita kuma HandBrake wani Bafaranshe mai suna Eric Petit ne ya fara ta a 2003.

Ga DVD, HandBrake ta fi sauƙi. Ana nuna mata dosiyen VIDEO_TS ɗungurungum, ita kuma ta karanta taswirar IFO ta haɗa guntayen su zama fim ɗaya ba tare da tsalle ba. Abubuwa huɗu ne ya kamata a lura da su.

Na farko, a zaɓi MP4 da tsarin H.264, sauti kuma AAC, domin su ne kusan kowace manhajar montaj da kowace salula ke karɓa, har da CapCut da KineMaster. Na biyu, a bar gudun hoto a kan 25 cikin daƙiƙa, kamar yadda faifan yankinmu suke, kuma a zaɓi gudu tsayayye. Gudu mai sauyawa na cikin manyan dalilan da ke raba baki da magana a wurin montaj. Na uku, a shiga sashen Filtres a kunna abin da ke haɗe layukan hoto. Tsohuwar telebijin na zana kowane hoto ne kashi biyu, layukan mara sannan na cika, shi ya sa a kan kwamfuta ake ganin haƙora kamar na matsefi a gefen duk abin da ke motsi, musamman wurin rawa, kokowa ko sukuwar dawaki. Na huɗu, a sa lambar inganci ta RF tsakanin 18 da 20. Ƙaramar lamba na nufin hoto mai kyau da fayil mai nauyi.

Ga VCD kuwa, a kwafe fayil ɗin DAT, a buɗe VLC, a shiga Média sannan Convertir / Enregistrer, a fitar da shi a MP4. Sau da yawa ma sauya ƙarshen sunan daga DAT zuwa MPG kawai ya isa manhajar montaj ta karɓe shi.

Abin da juyawa ba za ta iya ba

Wasu masu faifai na neman a mayar musu da hoton "HD". Lissafin a fili yake. Hoton DVD na da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. Na cikakken HD kuwa 1920 sau 1080 ne, ninki biyar daidai. VCD na da 352 sau 288, kusan rubu'in na DVD. Faɗaɗa hoto ba ya ƙara abin da kyamara ba ta ɗauka ba, sai dai ya cinye wuri. Haka ma faifan da aka cusa wa awa huɗu ko shida maimakon biyu, ingancinsa ya tafi tun ranar da aka buga shi.

A kuma kiyaye siffar hoton. Yawancin tsofaffin bidiyo 4:3 ne. Idan aka ja su domin su cika allo mai faɗin 16:9, amarya da ango za su fito gajeru masu faɗi. Gara a bar baƙin fili a gefe biyu.

Inda za a ajiye

Ajiya maganin wata rana, in ji masu iya magana, amma sai an yi ta a wurin da ya dace. WhatsApp ba ma'ajiya ba ce: yana matse bidiyo, kuma idan salula ta faɗa ruwa ko aka sace ta a cunkoson kasuwar Juma'a, shi ke nan. Idan za a tura ta can, a tura a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har giga 2 ba tare da rage inganci ba.

DVD ɗaya na ɗaukar giga 4.7, don haka kilen USB mai giga 32 zai ɗauki faifai shida, rumbun waje mai tera 1 kuwa fiye da 200. A sani cewa kilen da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai an sauya shi zuwa exFAT ko NTFS, kuma sauyawar na goge abin da ke ciki. Abin da ya fi shi ne kwafi biyu a gida biyu, misali ɗaya a Matamaye ɗaya wurin ɗan'uwa a Damagaram. Shi ma faifan kada a jefar da shi, a mayar da shi gidansa, a tsaye, cikin inuwa.

Amana da haƙƙin mallaka

Bidiyon biki kan shiga har cikin gida, inda mata ke zaune ba tare da tsammanin duniya za ta gan su ba. Wanda ya yarda a ɗauke shi a 2006 domin kallon dangi, bai yarda a sa shi a TikTok ko Facebook ba. Mai shago da aka ba faifai amana aka ba shi: bayan ya miƙa aiki, ya dace ya goge kwafin da ke kwamfutarsa a gaban mai shi, sai fa idan an ce ya ajiye. Finafinai da waƙoƙin da aka saya a kasuwa kuwa suna da masu su, kuma a Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mallakar ayyukan fasaha. Kwafe su domin sayarwa ko yaɗawa ba tare da izini ba saɓa doka ne.

Ga mai tarin faifai da bai san inda zai fara ba, a fara da mafi tsufa, da waɗanda launinsu ya fara sauyawa ko gefensu ya fara ɓarewa, sannan waɗanda ke ɗauke da mutanen da ba za a sake ɗaukar hotonsu ba.