Neman Asalin Iyali: A Fara Da Sanin Gunduma

Duk mai neman tarihin kakanninsa a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa, wajibi ne ya fara sanin hukumar da ke riƙe da ƙauyensu a zamanin da yake bincike. Ƙauye dai yana nan inda yake, amma iyakokin mulki sun sha sauyawa, takardu kuwa suna ɗauke da sunan hukumar da ta rubuta su.

A zamanin Turawa waɗannan garuruwa suna cikin Lardin Kano, ƙarƙashin En'e, inda dagatai da hakimai ke tattara haraji da jangali, alƙalai kuma suna rubuta shari'un gado da na gonaki. A 1967 aka kafa Jihar Kano, a 1976 kuma ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Daga bisani aka cire Doguwa daga Tudun Wada, watau wanda kakansa ɗan Riruwai ne, a ƙarƙashin Tudun Wada zai nemi tsofaffin takardunsa.

Har ila yau, a 2019 aka sanya yankin cikin Masarautar Rano, a 2024 aka mai da shi Masarautar Kano.

Saboda haka masu bincike kan fara da dattawa da mai unguwa, su tabbatar da tsohon sunan ƙauye da gundumarsa, sa'an nan su nufi Gidan Ɗan Hausa a Kano ko Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Sau da yawa takarda guda ita ke raba gardamar gadon gona.