Sabuwar Kwamfuta: Sai An Sayi Antibayiros?

Da wuya ka sayi laftof mai shago bai ce maka, "Alhaji, a saka maka antibayiros? Amma kuɗinsa daban." Da yawa tsoro ke sa su biya. Ga ɗalibi ko malamin makaranta ko mai ƙaramin shago, wannan kuɗin bai zama dole a kashe shi ba.

Duk kwamfutar da ke aiki da Windows 10 ko 11 tana zuwa da maigadinta, Microsoft Defender, kyauta. Ba kara-zube ba ne: cibiyar AV-TEST ta Jamus, mai gwada irin waɗannan manhajoji, ta sha ba shi maki kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake saya. Kwamfutocin Apple ma suna da nasu, XProtect.

Antibayiros na McAfee ko Norton da kake tararwa a sabuwar kwamfuta na ɗanɗano ne, galibi na wata guda, daga nan sai ya ishe ka da saƙon a biya. Kuma muddin yana aiki, Defender jan jiki yake yi gefe. In ba ka da niyyar biya, cire shi. Tara antibayiros biyu ko uku kuwa nauyi kawai yake ƙara wa na'ura. Na kyautan da ake saukewa ma a yi hattara: a 2024 hukumar FTC ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta.

Inda gizo ke saƙar a wajenmu daban ne. Mai gyara zai saka maka Office ko Photoshop na sata, Defender ya ƙi yarda, sai ya kashe shi don aiki ya tafi, wani lokacin ya manta bai kunna ba. Ka koma gida da murna, alhali ƙofa a buɗe take, wataƙila ɓarawon ma yana cikin manhajar da aka saka maka. Sannan ga masu kashe sabuntawar Windows don tattalin data. Data na da tsada, ba musu, amma cutar WannaCry da ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, har ta durƙusar da asibitoci a Ingila, ta bi ne ta ɓarakar da Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci.

Mai sayen kwamfuta ta hannu ya tambaya ko za ta ɗauki Windows 11, domin Microsoft ya daina sabunta Windows 10 ga kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025. Falash ɗin da ya je shagon buga takardu kuma a bincike shi kafin a buɗe. Wanda ya taɓa ganin foldojinsa sun rikiɗe sun koma shotkat ya san zancen. Muhimman takardu a ajiye kwafinsu a wani wuri daban.

Ofis mai kwamfutoci da yawa da bayanan abokan ciniki, shi kam ya dace ya sayi antibayiros, amma daga shafin kamfanin da ya yi shi, ba lambar da wani ya rubuto a takarda ba. Kai kuwa, tun kana shagon, buɗe Windows Security ka duba: alamomin su kasance kore, Windows Update kuma a kunne.