FASHIN BAƘI: Kwamfutarku ta ƙi tashi? Ku ceci fayilolinku kafin ku yarda a yi mata fomat

A ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci masu aiki da Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, suka ƙi tashi a sassan duniya, bayan kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike da ke Amurka ya tura musu wani gyara mai tangarɗa. An soke tashin dubban jirage, aiki ya tsaya cak a bankuna da asibitoci. Amma maganin da aka yi wa kwamfutocin bai wuce a shiga cikinsu a cire wani ƙaramin fayil guda ɗaya ba. Takardun da ke ciki ko ƙwarzane ba su yi ba.

Wannan darasi ya shafi ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, da ɗan jarida, da mai sa ido a zaɓe, waɗanda da dama daga cikinsu kwamfutar hannu suka saya a kasuwanni irin Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja. Ranar da irin wannan kwamfuta ta ƙi tashi, shawarar da aka fi saurin ba mutum ita ce a yi mata fomat a sake ɗora Windows. Kwamfutar za ta tashi kuwa, sai dai ta tashi wayam, babu hotunan takardun sakamakon zaɓe, babu muryoyin hira, babu takardun kwangilar da aka sha wuya kafin a samu.

Mene ne ainihin abin da ya lalace?

Abubuwa biyu ake cakuɗawa. Akwai babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows, akwai kuma faifan ajiya inda fayiloli suke zaune. Manhajar tamkar magatakardan ofis ce, faifan kuwa ɗakin ajiye takardu. Magatakarda na iya kwantawa rashin lafiya, takardu suna nan a kan kanta.

Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta manhaja, ko kashe kwamfuta da ƙarfin tsiya, ko muguwar manhaja da ta shigo ta filash, duk suna iya lalata 'yan fayilolin da Windows ke buƙata wajen tashi. Alamarsa ita ce kwamfutar ta kunnu, tambarin kamfani ya bayyana, sannan ta tsaya, ko ta nuna shuɗiyar fuska, ko ta yi ta kashe kanta tana sake tashi. A mafi yawan irin wannan hali, fayilolin mai ita suna nan daram.

A fara da ceto

Hanya mafi sauƙi ita ce a tayar da kwamfutar da wata manhaja ta aro, wadda ba za a ɗora a kan faifan ba. Ana buƙatar wata kwamfutar mai lafiya, da filash mai gigabait 8 wanda babu abin buƙata a cikinsa, da kuma faifan waje da za a kwashe fayilolin zuwa gare shi.

A sauko da Linux Mint ko Ubuntu daga shafinsu na asali, kyauta ne. A yi amfani da manhajar Rufus a rubuta shi a kan filash ɗin. Sai a soka filash ɗin a kwamfutar da ta lalace, a kunna ta, a danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo da dama. Idan Linux ya buɗe, a zaɓi gwada shi kawai. Kada a taɓa alamar ɗora shi a kan kwamfutar, domin wannan na iya share faifan.

Daga nan faifan zai bayyana kamar kowane filash. A buɗe foldar Users, a shiga sunan mai kwamfutar, a kwashe Desktop da Documents da Pictures da Downloads. Bayan an gama, a buɗe wasu daga cikin fayilolin a wata kwamfutar, a tabbatar suna aiki.

Idan kwamfutar ko kunnuwa ba ta yi, a yawancin tsofaffin kwamfutoci ana iya kwance faifan, a haɗa shi da wata ta hanyar ɗan akwati mai wayar USB da ake sayarwa a kasuwa.

Idan an riga an goge fa?

Fomat na gaggawa rajistar ɗakin kawai yake yagewa, ya bar takardun a inda suke, har sai an rubuta sabon abu a kansu. Shi ya sa duk fim ko manhajar da aka ƙara saukewa bayan gogewa tana cinye wani abin da za a iya cetowa. Doka ta farko ita ce a daina amfani da faifan nan take.

Manhajoji biyu na kyauta, TestDisk da PhotoRec, waɗanda Bafaranshe Christophe Grenier ya ƙirƙira, sun yi suna a wannan aiki. TestDisk na dawo da ɓangaren faifai da ya ɓace. PhotoRec kuwa bin faifan yake yi lungu-lungu yana tsamo hotuna da bidiyo da takardu, sai dai yakan dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba. Abin da aka ceto a ajiye shi a wani faifai daban.

Wannan dama tana da iyaka. Cikakken fomat a Windows, tun daga Vista, yana rubuta sifiri a kan faifan baki ɗaya. Haka kuma sabon nau'in faifai na SSD yana da tsarin da ake kira TRIM, wanda ke share gurbin abin da aka goge ba tare da ɓata lokaci ba.

Inda ya kamata a dakata

Idan tsohon faifai mai juyawa ya fara ƙaras-ƙaras, ciwon a jikin faifan yake, kuma kowace kunnawa ƙara masa rauni take yi. A kashe shi. Ƙwararru kan yi amfani da manhajar ddrescue su fara kwafe wuraren da ke da lafiya, sannan su dawo kan masu rauni, su ci gaba da aiki a kan kwafin.

Idan kuma an kulle faifan da BitLocker, Linux ba zai karanta shi ba sai da makullinsa na ceto mai lambobi 48. Sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na wanda ya saita kwamfutar, wanda a kwamfutar hannu zai iya kasancewa tsohon mai ita. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemo makullin tun kwamfuta na da lafiya, a rubuta shi a takarda.

Idan fayil ɗin shaida ne

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotun Najeriya ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta. Daga ciki akwai nuna cewa kwamfutar tana aiki daidai a lokacin, ko kuma tangarɗarta ba ta shafi sahihancin takardar ba. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba.

Don haka duk wanda ke riƙe da abin da ka iya zuwa gaban alƙali, ya sa a ɗauki kwafin faifan dungurungum, ya adana na asalin ba tare da an taɓa shi ba, ya rubuta ranar da ya lalace, da wanda ya yi aikin, da manhajar da aka yi amfani da ita.

Akwai kuma batun sirri. Kamar yadda filash ɗin Linux ya buɗe faifan ba tare da tambayar kalmar sirrin Windows ba, haka zai buɗe wa duk wanda aka bar wa kwamfutar. Mai riƙe da sunayen majiyoyi ko na 'yan ƙungiya ya cire faifansa kafin ya miƙa ta ga mai gyara, ko ya zauna a yi aikin a gabansa.

Sai kuma gyara

Bayan an tsira da fayiloli, sai a juyo kan manhajar. Windows 10 kan buɗe shafin gyaran kansa idan ya kasa tashi sau biyu ko uku a jere. A fara da Startup Repair, in bai yi ba a gwada System Restore, wanda ke mayar da manhajar yadda take kafin matsalar. Sake ɗora Windows shi ne mataki na ƙarshe.

A nan ne mai tsohuwar kwamfuta zai yi lissafi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, wa'adin Windows 10 kuma 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Manhajar da aka daina toshe wa kafofin kutse haɗari ce ga mai aiki da bayanan sirri. Linux Mint, wanda ke tashi da RAM mai gigabait 2, yana ci gaba da samun gyaran tsaro, kuma ya isa rubutu da bincike a intanet. Sauya tsohon faifai da SSD kan ƙara wa kwamfutar sauri ƙwarai, ya kuma bar tsohon faifan a matsayin ajiya.

Da zarar ta tashi, aikin farko shi ne kwafi: kowane muhimmin fayil ya zama yana wurare uku, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidan da kwamfutar take kwana.