Ko Ka Sani? Da Gangan Hawainiya Take Tangaɗi

Duk wanda ya taɓa shiga gonar rama a Achilafiya cikin watan Agusta, sa'ad da ganye ya rufe kunyoyi, ya san yadda ake gamuwa da hawainiya. Kana cikin tsinkar ganye, sai wani ganyen ya juyo ido ya dube ka. In ka daure ba ka zura a guje ba, za ka ga tafiyar da ba kowace dabba ke da irinta ba. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta riƙe a sama, jikinta ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba, sau uku ko huɗu, sannan ta sauke ƙafar a kan reshe. Sai ta ɗaga wata, a koma farko. Yaro ya gani ya ce jiri take ji. Yarabawa kuwa a labarinsu na farkon duniya suka ce ita aka aiko ta duba ko ƙasa ta bushe, shi ya sa har yau take taka ta da shakka.

Hausa ba ta rasa kalmomin rashin tsayuwa daidai ba. Mashayi tangaɗi yake yi. Mai jin barci ko wanda zazzaɓi ya kayar, layi yake yi. Jariri mai koyon tafiya ana yi masa tatata. Tebur mai gajeriyar ƙafa da katangar da damina ta ci gindinta tangal-tangal suke yi, kuma daga nan kalmar ta shiga bakin 'yan jarida, har ka ji a rediyo ana cewa tattalin arziki yana tangal-tangal, ko auren wance yana tangal-tangal. Turawan Ingila ma haka suke yi da tasu kalmar: wadda suke faɗa wa kujera mai girgiɗi, ita suke ara wa gwamnatin da ke gab da rushewa. Duk waɗannan kalmomi abu ɗaya suke nufi, wato faɗuwa ta kusa. A nan ne ba su dace da hawainiya ba. In da za a bi tawa, rangaji za a ce tana yi, irin na reshen sabara idan iskar hadari ta fara kaɗawa, domin shi take kwaikwayo.

Dubi ƙafarta da kyau in ka sami dama. Yatsu biyar ne, amma a haɗe suke gida biyu kamar bakin awartaki, biyu a gefe guda, uku a ɗaya gefen. A ƙafafun gaba ukun ne ke ciki, a na baya kuma biyun. Reshe yana shiga tsakani, ta matse shi ta kowane ɓangare, ga farata masu kaifi. Wutsiyar ma hannu ne na biyar, tana naɗe ta a jikin kara kamar yadda ake naɗe igiyar guga. Na taɓa gwada ɓamɓare wata daga reshen magarya ina yaro, gwaggota tana ta kwarma daga bakin gona: "Kai ɗan nan, sake ta, dafi gare ta!" Ba ta da dafi ko kaɗan, sai dai ta buɗe baki ta yi huci ta kumbura jiki ta yi baƙi ƙirin. Abin da ban manta ba shi ne, ina cire ƙafa ɗaya, wata tana kamawa. Sai da na karya reshen. Dabbar da ke riƙo haka ba ta cikin masu tsoron faɗuwa.

To me ya kawo kai-komon? Abin da masana dabbobi suka fi bayarwa a matsayin dalili shi ne idon maƙiyi. Hawainiya ba ta da gudu, ba ta da ɓawo irin na kunkuru, kuma masu neman ta da yawa: shaho daga sama, cilakowa a cikin rassa, maciji daga ƙasa. Idon tsuntsu mai farauta motsi yake fara kamawa kafin kama ko launi. Sai dai daji cike yake da motsi, ganye dubu na kaɗawa a lokaci guda, don haka dole idon ya yi watsi da duk abin da ke zuwa gaba ya dawo baya a wuri ɗaya, ya tsaya kan abin da ya miƙe ya nufi wani waje. Hawainiya sai ta ɓoye tafiyarta a cikin irin motsin da ake watsi da shi. Jikinta kuma shafal yake ta gefe da gefe kamar ganye, launinta kore. Taku ɗaya na gaske, a lulluɓe cikin rangaji huɗu na ƙarya.

Mafarautan ƙasar Hausa sun san wannan dabara tun kafin a rubuta ta a littafi. Maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa, yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya matso kusa da barewa ba ta ankara ba. Bai ɓuya ba, ana ganin sa sarai, motsinsa ne ya zama na abin da ba a tsoro. A Ostireliya ma an gwada wani ƙwaro mai kama da busasshen ganye, aka hura masa iska, sai ya shiga rangaji, da aka auna kuma aka tarar kaɗawarsa ta yi kama da ta tsirran da ke kewaye da shi.

Akwai wani mai rangajin a gonakinmu, ƙoƙi-ƙoƙi, amma nasa da wata manufar. Yana karkaɗa kai dama da hagu ne don ya auna nisa kafin ya yi tsalle, kamar yadda in kana cikin mota bishiyar bakin hanya take wucewa da sauri, duwatsun Roni kuwa can nesa kamar ba sa motsi. Hawainiya tana da nata ma'aunin a cikin ido. A 1977 mujallar Nature ta buga wani gwaji mai ban dariya da aka sa wa hawainiya tabarau. Da gilashin ya canja mata yadda ido ke daidaita gani, sai harshenta ya riƙa gazawa ko ya zarce ƙwaron, gwargwadon ƙarfin gilashin. Ko da ido ɗaya a rufe kuwa, in babu tabarau, tana samun abin da ta nufa.

Harshen nan shi ya sa nake ganin ba mu yi mata adalci ba da muke cewa aikin hanya ko shari'a na tafiyar hawainiya. Idanunta biyu kowanne da inda yake kallo, ɗaya gaba ɗaya baya. Da zarar ɗaya ya hango fara, sai su haɗu a kanta, rangaji ya tsaya cak, baki ya ɗan buɗe. Abin da ya biyo baya ido ba ya iya bi. Harshe mai tsawon da kan kai ninki biyu na jikinta ya fita ya cafko farar cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Masu bincike a Beljiyam sun auna yawun da ke kan harshen a 2016, suka ce kaurinsa ya ninka na mutum sau 400. Wane ɗan kwangila ne yake kammala aiki haka?

Batun rikiɗa kuwa, wanda ya sa ake cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata, an fi zuzuta shi. Ba kowane launi ta hau take ɗauka ba, ɗora ta a kan atamfa ba zai sa ta yi zanen atamfa ba. Fushi, neman mace, zafi da sanyi su suka fi juya mata fata. A 2015 masana a Jami'ar Janiba suka nuna cewa wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da gilashi jere a cikin fatar, in tazararsu ta buɗe ko ta tsuke sai hasken da ke dawowa ya canja launi. Da dare in tana barci a ƙarshen reshe fatar kan yi haske, shi ya sa masu neman ta suke fita da tocila. Irinta sun haura 200 a duniya, kusan rabi a tsibirin Madagaska, inda a 2021 aka bayyana wata da namijinta bai wuce milimita 22 ba har wutsiya, zai zauna daram a kan ɗan yatsa.

Inda dabarar take cin amanarta shi ne kan kwalta. Macen takan sauko ƙasa ta tona rami ta zuba ƙwai, namiji ma kan sauko neman mace, sai ka gan su suna tsallaka titi a tsakanin Kazaure da Babura. Babu ganye ko ɗaya a wurin, amma tana nan tana gaba tana baya a tsakiyar hanya, kore shar a kan baƙar kwalta, tana yaudarar shahon da ba ya nan, ga motar kasuwa ta taho. Wata ranar damina na ga wani ɗan acaɓa ya taka birki saboda ita. Tsohon da ya ɗauko ya ce, "Yaro, lafiya?" Ya ce, "Baba, baiwar Allah ce za ta wuce." Ya sauka ya samo karan dawa ya miƙa mata. Ta dube shi da ido ɗaya, ɗayan yana kan tsohon, ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi gaba, sannan ta kama karan.